Gadar Tower: Jirgi Ne Gaba da Mota

Wannan makon mu leƙa Landan. Gadar Tower, wadda ke rabewa biyu ta ɗaga don jirgi ya wuce, an buɗe ta a 1894. Tun 1885 doka ta raba gardama: jirgin ruwa ne gaba, masu keken doki su jira. Ba mamaki, lokacin arzikin birnin ta kogin Thames yake shigowa. A shekarar farko an ɗaga ta fiye da sau 6,000.

Yau manyan jirage sun koma tashoshin bakin teku, ɗagawar ba ta wuce kusan 800 a shekara, amma dokar na nan daram. Mai jirgi zai ba da sanarwar awa 24, ba ya biyan ko sisi. A 1997 har ayarin Shugaba Clinton sai da ya dakata wani tsohon jirgi ya wuce.