Daga Mazarin Gora Zuwa Jirgin da Ke Kan Teburina

Wata goma sha ɗaya ke nan ina haɗa jirgi mai saukar ungulu a zauren gidana, a kan teburin da na shekara talatin ina gyaran rediyo. Duka-duka tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Maƙwabcina, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, ba ya wuce ƙofar sai ya leƙo ya ce, "Malam, ana nan dai ana wasan yaran?" Ni kuma in ce, "Ana nan, Alhaji, Allah ya ba mu sa'a." Ba na jin haushinsa. Da ya san cewa jirgin gasken da yake ɗaga kai ya kalla jikan wannan wasan yaran ne, da ya rage murmushin.

A Zariya na tashi, garin da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Ƙananan jiragen ɗalibai suna wucewa ta kan unguwarmu kullum, mu kuwa da kaka ta yi sai mu bi gonaki muna tsintar kara. Mu feƙe ɓawon da reza, mu yanka totuwar, mu soka wannan cikin wancan har fiffike ya fito. Farfelar gwangwanin madara ce, a huda ta da ƙusa. In ka ruga da gudu da shi a hannu sai ta yi ta juyawa. Bai taɓa tashi ba, kuma ba mu taɓa sa ran zai tashi ba.

Yaran ƙasar Sin sun fi mu sa'a. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce suna da abin wasa na gora: tsinke ɗaya, da ɗan falle mai karkata a kansa. A murza tsinken tsakanin tafuka biyu, a saki, ya yi sama. Mazarin gora suke ce masa, saboda ƙwaron nan na bakin rafi. Sunan ya yi mini daɗi, don mu ma mazarin kaɗi da kakata take murzawa a kan tasa haka yake juyawa, sai dai nata ƙasa yake nufa. A 1784 wasu Faransawa biyu, Launoy da Bienvenu, suka nuna wa masana a Paris wani mai farfela biyu na gashin tsuntsu, wanda ɗan baka ke juya shi. A 1870 Alphonse Pénaud ya sa murɗaɗɗiyar roba a madadin bakan. Irin wannan ne wani limamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa tsaraba a 1878. Yaran suka yi wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Sunansu Wilbur da Orville Wright.

Amma mutumin da na fi jin muna da dangantaka da shi Arthur Young ne. Ya gama karatun lissafi a Princeton a 1927, ya rasa abin da zai ba rayuwarsa, ya zaɓi matsalar da ta gagari kowa a lokacin. Bai fara da babban jirgi ba. Ya shiga wata rumfar dabbobi a jihar Pennsylvania ya yi ta ƙera ƙanana, wasu da injin na'urar share ƙura, yana aika musu wuta ta doguwar waya. Sama da shekara goma suna tashi suna kifewa. Dalilinsa na tsayawa kan ƙanana mai sauƙi ne: ƙarami in ya faɗi ka tsince shi ka gyara kafin sati, babba in ya faɗi sai a yi jana'iza. A ƙarshe ya gano sandar daidaito, wata sanda mai nauyi a bakin nan da bakin can, da ake gicciya ta ƙarƙashin farfela tana juyawa tare da ita. Ko gangar jirgin ta karkata, sandar ba ta saurin bin ta, sai ta riƙe farfelar a daidai. A 1941 ya ɗauki ɗan jirginsa ya kai kamfanin Bell a Buffalo, ya tashe shi a gabansu. Daga nan aka samu Bell 47, wanda a watan Maris na 1946 ya zama jirgi mai saukar ungulu na farko da aka ba takardar izinin aikin farar hula. An ƙera fiye da 5,000.

Bell 47 ɗin nan nake kwaikwaya. Kowa ya san kamanninsa ko bai san sunansa ba: kai kamar ƙwallon gilashi, wutsiya ta ƙarafa a sarƙe ba rufi, tankunan mai biyu a kafaɗa kamar mangala a bayan jaki. Wato ina yin ƙaramin jirgin da shi ma daga ƙarami ya fito.

Abin mamaki shi ne yadda na rimot ya makara. Ƙananan jirage masu fiffike sun fara tashi da rediyo tun shekarun 1930, amma mai saukar ungulu sai da aka yi kusan shekara talatin ana fama. Mai fiffike in ka sake shi yakan miƙe da kansa. Wannan kuwa kamar tsayar da taɓarya ne a tafin hannu: ka ɗauke ido daƙiƙa guda, ta tafi. Injin yana juya farfela hagu, ganga tana son juyawa dama, dole ƙaramar farfelar wutsiya ta hana ta. Ka ƙara wuta, ƙarfin murɗawar ya ƙaru, wutsiya ta sake neman gyara. Ga shi ƙaramin abu ya fi babba saurin kifewa, kuma matuƙin ba ya ciki balle jikinsa ya gaya masa an karkata. Rediyon farko kuma kunnawa da kashewa kawai ya sani. Sai a tsakiyar shekarun 1960 aka samu wanda in ka tura sanda kaɗan jirgi ya amsa kaɗan.

A watan Satumba na 1968 kamfanin Simprop ya shirya gasa a garin Harsewinkel na Jamus, da kyautar kuɗi ga duk wanda ya iya tashin irin wannan jirgi. Injiniyoyi suka zo da abubuwan da suka yi shekaru suna ƙerawa. Wasu suka yi ta rawa a ƙasa, wasu suka watse kafin su ɗaga. Wanda ya ci gasar, Dieter Schlüter, jirginsa 'yan daƙiƙoƙi ya yi a sama sannan ya faɗo ya farfashe. Da wannan aka ba shi na ɗaya. Duk lokacin da na tuna labarin sai in ji sanyi a raina, don ni ma na iya irin wannan tashin.

Schlüter bai tsaya ba. A 1970 ya fito da kwaikwayon Bell Huey Cobra, jirgin yaƙin da Amurka ke amfani da shi a Biyetnam a lokacin, ya yi kusan minti 28 a sama, ya zagaya kilomita 11.5, aka rubuta masa bajintar duniya. Ba da jimawa ba aka fara sayar da Cobra ɗin a kwali, kowa ya haɗa a gidansa. Kavan na Nuremberg ya biyo baya da Jet Ranger, Graupner da Bell 212. A lura, dukkansu kwaikwayon jiragen gaske ne. Mutanen farko ba su ma yi tunanin a yi jirgi tsirara ba. Sai da aljihu ya koya musu hankali: kowace faɗuwa tana cinye gangar faiba da aka yi wata uku ana gogewa ana fenti. Shi ya sa a tsakiyar shekarun 1970 Schlüter ɗin dai ya fito da Heli-Baby, ƙarfe da bututu da ɗan murfi a gaba, ba ado. Tun daga nan masu wannan sha'awa suka rabu gida biyu. Akwai masu son wasan sama, jirginsu ya yi adungure ya tashi a kife. Akwai mu, waɗanda burinmu shi ne mai kallo daga nesa ya rasa gane ko na gaske ne. Mu a wurinmu gudu aibi ne.

Japanawa ne suka sa abin ya yi araha. Hirobo, wanda asalinsa kamfanin saƙa ne a yankin Hiroshima, ya fito da Shuttle a 1985, shekarar da aka yi gasar duniya ta farko a Kanada, Shigetada Taya na Japan ya lashe. Injinan wancan zamani ba fetur suke sha ba, wani haɗi ne na metanol, kuma man da ke sa su santsi a da man zurma ne, zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kulawa. Jirgi ya sauko jage-jage da maiƙo, sai an bi shi da tsumma. Wutsiya kuma aka samo mata jairo, na'urar da ke jin juyawa ta gyara kafin yatsan mutum ya farga. Na farko ƙarfe ne mai juyawa a cikin ɗan akwati, daga baya ya koma ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Bayan 2000 batirin litiyam ya kori hayaƙi, rediyo mai zangon 2.4 ya kawo ƙarshen rigimar mutum biyu su haɗu a tasha ɗaya jirgin wani ya bi umarnin wani, sandar Arthur Young ma aka cire ta, kwamfuta ta karɓi aikinta.

Ni dai nawa yana da sandarsa. Kayan cikinsa na T-Rex 450 ne na kamfanin Align na Taiwan, na hannu, wani tsohon yarona da ke zuwa Sin saro kayan waya ya taho mini da shi. Faɗin farfelarsa wajen santimita 70 ne, ta Bell 47 kuwa kusan mita 11, saboda haka komai sai na raba shi gida 16. Na manna hotunan jirgin a bango, na yi ta awo da rula ina rabawa.

Wutsiyar ce ta ci mini wata huɗu. Tana buƙatar siraran bututu masu ƙarfi marasa nauyi, na zaga Sabon Gari ban samu ba. Wata rana ina neman wani abu a kwalin matattun rediyo sai hannuna ya faɗa kan eriya. Eriyar rediyo tagulla ce aka shafe da farin ƙarfe, kuma gaɓa-gaɓa take, kowace gaɓa da kaurinta. Na kankare farin da sanfefa, na zana wutsiyar a kan katako, na kafa ƙusoshi su riƙe dogayen bututu uku, sannan na yi ta yanka gajeru ina liƙawa da dalma, ɗaya bayan ɗaya, fiye da guda hamsin. Wahalar ita ce kana narka wannan mahaɗa, ta kusa da ita tana sakewa. Sai na koyi naɗa jiƙaƙƙiyar auduga a kan wadda na gama. Da na ɗora a sikeli sai ta yi nauyi, jirgin ya zauna da gindi. Ƙa'ida ita ce in ka ɗaga shi ta sandar farfela ya tsaya daidai, ba gaba ba baya. Na tura batir can cikin hanci, ƙarƙashin ƙafar ɗan matuƙin da na sassaƙa, bai isa ba, sai da na warware kashi ɗaya cikin uku na aikin na sake da gaɓar eriya mafi siriri.

Kan gilashin kuma masassaƙin turmi na kai wa. Na nuna masa hoto na ce, "Maigida, ƙwallo nake so kamar wannan, amma gefen nan a shafe." Ya juya hoton sama da ƙasa ya ce, "Malam, ludayi za a yi ko me?" Ya dai sassaƙa, kuma ya yi kyau. Ana zura itacen cikin babbar gorar roba mai haske, a bi ta da iska mai zafi, robar ta tsuke ta kama siffarsa. Ta farko ta yi fari fat don zafi ya yi yawa. Ta biyu ta yamutse. Ta uku ta fito tas, na tsaga ta da kaina wajen cirewa.

Ban yarda na koyi tuƙi da gangar a jiki ba, darasin shekarun 1970 ya ishe ni. Tsirara nake fita da shi bayan asuba, kafin iska ta tashi, da sanduna biyu a gicciye a ƙafarsa da ƙwallayen roba a bakinsu don kada ya kife. Farfelar nan tana zagaye fiye da 2,000 a minti, ta ainihin jirgin ba ta kai 400 ba, kuma tana iya tsaga yatsa har ƙashi, don haka ba na barin yara kusa. Muddin wutsiya na kallona, lafiya lau. Ranar da na juyo da hancinsa gare ni, hagu ta koma dama, na tura inda bai kamata ba, ya daki katanga. Sati shida na jira kayan gyara.

Yanzu yara ba su san wannan wahala ba. Tun da DJI ya fito da Phantom a 2013, mai farfela huɗu ya cika duniya, har a gidan biki ka gan shi yana shawagi kan 'yan rawa. Ka sake sanda ya tsaya cak. Ya yawaita har a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izini. Ban raina shi ba, amma ban ga abin ƙauna a jikinsa ba, bai yi kama da komai ba sai kansa. Mai farfela irin tamu dai bai mutu ba. Yamaha na fesa wa gonakin shinkafar Japan magani da shi tun ƙarshen shekarun 1980. Ingenuity, wanda ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu 2021, nauyinsa kilo 1.8 ne, bai fi abin da zan ɗora a teburin nan ba, kuma an liƙa masa ɗan ƙyalle daga fiffiken jirgin 'yan Wright na 1903. A nan gida ma, a 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa babba a Kano da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar mota. Na so a ce wani ya ba shi labarin Arthur Young, ya fara da ƙarami.

Jiya jikana ya shigo zaure da kara a hannu, ya tsaya yana kallon wutsiyar da na shafa wa jan fenti. Ya ce, "Kaka, yaushe zai tashi da kayansa?" Na ce sai kan ya samu. Ya ce in ba shi gora ta biyun, wadda ta yamutse, zai sa wa nasa. Na ba shi, na aike shi shagon bakin titi ya tambayo ko sun tara mini manyan gorunan da na ce a ajiye.