Asibitin Mishan da Koyar da Aikin Magani a Ƙasar Kano Zamanin Turawa

Alkawarin da Gwamna Lugga ya ɗaukar wa sarakuna a Sakkwato a shekarar 1903, cewa gwamnatinsa ba za ta yi katsalandan a harkar addini ba, shi ne ya tsare 'yan mishan, wato ƙungiyoyin Turawa masu yaɗa addinin Kirista, a bakin ƙofar masarautun Musulmi har kusan shekara talatin, in ban da Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS wanda ya samu zama a birnin Zariya tun 1905 kafin a mayar da aikinsa Wusasa a 1929. Abin da ya buɗe ƙofar daga baya shi ne cutar kuturta, domin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa ke mulki ta hannunta, ba ta da ma'aikata ko kuɗin da za ta ɗauki nauyin kutare, sai aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM matsugunansu a 1937, inda ta riƙe Yadakunya a lardin Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato.

A waɗannan matsugunai SIM ta riƙa koyar da aikin magani, kuma ɗaliban farko su ne majiyyatan kansu. Maganin kuturta a lokacin shi ne man calmugura, wani mai ne mai kauri da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta Indiya, ana yin allurarsa a ƙarƙashin fata, wuri bayan wuri, da zafi mai tsanani, kuma Baturiya ɗaya ko biyu ba za su iya yi wa ɗaruruwan mutane ba. Saboda haka aka riƙa zaɓar samarin da yatsunsu ba su gutsure ba, ana koya musu dafa sirinji, wanke miki da naɗe shi da bandeji, da rubuta sunan majiyyaci a rajista, abin da ya sa dole su fara da karatun boko. Da ƙwayar dafson ta zo a ƙarshen shekarun 1940, jinya ta bar zama sai a matsuguni, aka baza waɗannan malaman asibiti kasuwa-kasuwa a kan keke suna raba ƙwaya. Tashar SIM ta Roni, a ƙasar Kazaure, ta riƙe makarantar kwana ta yara maza, ko da yake galibin mutanen wannan yanki maganin suka karɓa, suka bar wa mishan wa'azinsa. Asibitin Ido na Kano, wanda SIM ta buɗe a 1943, shi ma ya horar da mataimaka a kan wannan tsari.

Iyakar wannan ilimi tana fitowa idan aka dubi Koriya, inda asibitin Severance na 'yan mishan a birnin Seoul ya yaye cikakkun likitoci bakwai 'yan ƙasa tun 1908, ya kuma ci gaba da yayewa a ƙarƙashin mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945. A Arewa kuwa mishan bai kafa makarantar likitanci ba, ya tsaya a kan mai ba da magani da mai wanke miki, wanda hannunsa ya ƙware amma ba shi da takardar da za ta ba shi ikon duba majiyyaci da kansa. Likitan farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, ɗan makarantar Wusasa ne, amma sai da ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya samo digirinsa.