Harshen Gida a Ajin Farko

A 1909, a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, da Hausa ake fara koyar da yara karatu. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya bi wannan sawu: shekarun farko na firamare da harshen uwa ko na unguwa. Masu suka na cewa a unguwa irin Dei-Dei, inda ɗan Bagwari da ɗan Ibo mai shagon siminti da ɗan Bahaushen kara ke zama benci ɗaya, Turanci ne mafita. Sai dai gwajin da masanin ilimi Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza a Turanci ba. Yaro da harshen da yake ji yake fara fahimtar lissafi.