Kiɗan Daren Asabar a Wagadugu da Tsofaffin Zango

Tun kafin Faransawa su shiga Wagadugu a shekarar 1896, fataken Hausa suna yada zango a garin Moro Naba a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Waɗansu daga cikinsu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai, har wurin ya zama unguwa. Mosawa suka sa mata suna Zangouettin, wato mazaunin Hausawa, su kuwa masu unguwar Zango kawai suke cewa. Yawancin mutanenta Musulmi ne, 'yan kasuwa da mahauta da teloli da malaman allo. Akwai kuma Yarabawa, da 'yan tsirarun masu bi da suka zo daga Nijeriya da Gana, waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu. Unguwar tana tsakiyar gari, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama. Saboda haka duk abin da ya tashi a Wagadugu da dare, kunnen Zango ne yakan fara jinsa.

Abin da ya tashi bayan samun mulkin kai a 1960 shi ne kiɗan jita. Ƙasar a lokacin sunanta Haute-Volta, matalauciya ce ƙwarai, ba ta da ko masana'antar buga faifai, amma tana da ƙungiyoyin makaɗa. Wadda ta girme su ita ce Harmonie Voltaïque, da Antoine Ouédraogo ya kafa a Wagadugu a 1948. Da fari makaɗan suna kwaikwayon kiɗan Faransa da na Kuba ne domin ma'aikatan gwamnati su yi rawa. Daga baya suka soma waƙa da Mosanci da Julanci, suka ɗauko salon Kwango da na Gini, da kuma sabon kiɗan samarin Turai da Amurka wanda masu jin Faransanci suke kira yeye. A Bobo-Dioulasso, Idrissa Koné ya kafa Volta Jazz a 1964, Tidiane Coulibaly yana yi musu waƙa. A 1965 aka gina babban zauren taro na Wagadugu wanda aka sani da Maison du Peuple, inda manyan wasanni suka riƙa gudana.

Sunan da tsofaffin Zango suka fi ambata shi ne Amadou Balaké. Sunansa na yanka Amadou Traoré, an haife shi a Ouahigouya a 1944. Ya yi yawon kiɗa a Mali da Gini da Abijan kafin ya komo gida ya shiga Harmonie Voltaïque, inda wata waƙarsa ta yi farin jini har sunanta ya bi shi. Balaké kuwa beguwa ke nan da harshen Mande. Daga nan ya yi aiki da Super Volta, sa'an nan da Les 5 Consuls tare da Mangue Kondé, gwanin jita mutumin Gini. Yakan ɗauki warba, rawar gargajiya ta Mosawa, ya ɗora ta a kan jita da gangunan Turawa, ya yi kururuwa irin ta James Brown, can kuma ya sauko ya yi kiɗan Kuba a hankali. Da yake babu wurin buga faifai a gida, sai da ya bi hanya zuwa Akra da Legas da Abijan, har New York a 1979.

Masu rubuta tarihin kiɗa sukan tsaya a nan, a kan sunaye da faifai. Amma idan aka zauna da waɗanda suka yi samartakarsu a Zango tsakanin 1965 da 1980, labarin yakan fara ne daga waje, gama da yawansu ba su taɓa shiga gidan rawa da tikiti ba. Gidajen rawan nan fili ne da aka kewaye da katanga, babu rufi, ana sayar da giya a ciki. Ɗan malam ba ya so a gan shi a ƙofar, yaron tela kuma ba shi da kuɗin shiga. Sai su taru a bayan katanga, waɗansu a kan keke, waɗansu a kan bishiya, suna ji. Akwai mutanen da suka haddace waƙoƙin Balaké kaf, shekara da shekaru, kafin su ga fuskarsa. Abin da suke tunawa shi ne yadda ƙarar jitar bas take bugun ƙirji ta cikin bango, da sanyin hunturu wajen ƙarfe biyu na dare, da dabarar komawa gida kafin kiran assalatu ba tare da ƙyauren zaure ya yi ƙara ba.

Waɗanda suka sami shiga kuwa, abin mamaki, ba su cika tuna jerin waƙoƙin da aka yi ba. Tufafi suke tunawa. Wando mai faɗin ƙafa, taguwa matsattsiya, takalmi mai tudu, suma an tara ta an tsefe. A nan Zango tana da nata rabo, domin telolin unguwar suna cikin masu ɗinka waɗannan kaya. Tela yakan kwana a kan keke daren Jumma'a yana gama wandunan da za a yi rawa da su ran Asabar, ko da shi kansa bai yarda da rawar ba. Suna tuna kuma lokacin da wuta takan ɗauke ana tsakiyar kiɗa, lasifika ta yi shiru, masu ganga da masu busa su ci gaba cikin duhu, jama'a na tafi har wutar ta dawo. Mutum uku za su ba da labarin dare ɗaya, kowa da shekarar da zai faɗa, su yi ta gardama a kan ko Volta Jazz ce ta zo daga Bobo ko kuwa Super Volta ce ta yi wasan. Gardamar nan ba aibi ba ce ga tarihi. Ita ce take riƙe da labarin, domin abin da ake musu a kansa ba ya saurin mutuwa.

Zango kuma ƙofa ce ta kiɗan waje. Hanyar goro ba ta mutu ba, mota ce kawai ta gaji jaki, kuma 'yan kasuwar da suke zuwa Kumasi da Akra sukan komo da faifai a cikin kayansu. Ranar 6 ga Maris 1971, a bikin cika shekara 14 da mulkin kan Gana, aka yi wasan da ake kira Soul to Soul a dandalin Black Star na Akra. Wilson Pickett ya zo daga Amurka, da Ike da Tina Turner, da ƙungiyar Santana, aka kwana ana kiɗa har gari ya waye. An yi fim ɗin wasan, ya zaga ƙasashe. Matasan Afirka ta Yamma suka ga Carlos Santana yana kaɗa jitar rok a kan ganguna irin na Kuba, waɗanda asalinsu daga Afirka ne, suka gane kayan gidansu ne ya je yawo ya komo da sabuwar riga. Wanda ya saurari faifan Wagadugu na shekarun da suka biyo baya zai ji yadda jita ta ƙara kaifi.

Yaya ikkilisiya ta ɗauki wannan al'amari? A nan liman da fasto bakinsu ɗaya: gidan rawa wurin giya ne da lalacewa. Ba za a ce tsoronsu banza ne ba, gama akwai gidajen da shaye-shaye ya rushe, akwai 'yan mata da aka yaudara a waɗannan darare, tsofaffin ma ba su ɓoye wannan idan hira ta yi nisa. Amma hukuncin ya wuce kan giya ya hau kan kayan kiɗan kansu. A ikkilisiyoyi da dama na masu bishara, jita ta daɗe tana bakin ƙofa, ana ganinta kayan mashaya. Katolika sun riga sun buɗe wata ƙofa tun wajen shekarun 1950, sa'ad da Fada Robert Ouédraogo ya shigo da muryoyi da gangunan Mosawa cikin sujada, amma wannan kiɗan gargajiya ne, ba na jita ba. Saurayi mai bi da yake ƙaunar kiɗan Balaké yakan rayu da zuciya biyu, ya ji kiɗa a bayan katanga daren Asabar, ya rera waƙar yabo da safiyar Lahadi, ba ya gaya wa kowa. Yau kuwa da wuya a shiga majami'a a Wagadugu ba a tarar da jita da bas da gangunan Turawa a gaba ba, kuma salon da ƙungiyoyin mawaƙa suke bi ɗan'uwan wanda aka hana kakanninsu ji ne. Dattawan da suke zaune a layin gaba sun san wannan sarai, ko da ba su faɗa ba.

Zamanin manyan ƙungiyoyin ya soma dushewa bayan 1980. Kaset ya kashe kasuwar faifai, kuma mai gidan rawa ya ga kunna na'ura ya fi ciyar da makaɗa goma sauƙi. Thomas Sankara, wanda ya hau mulki a 1983 ya kuma sāke wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso a 1984, shi kansa makaɗin jita ne, ya yi wasa a ƙungiyar Tout-à-Coup Jazz tare da Blaise Compaoré. Gwamnatinsa ta kafa Makon Al'adu na Ƙasa a 1983, ta kafa ƙungiyoyin kiɗa nata, ta kuma matsa wa gidajen rawa na masu kuɗi, ta fi son rawar jama'a a fili inda talaka zai iya shiga. Yaran bayan katanga sun sami shiga a ƙarshe, amma makaɗan da suke ci daga kuɗin ƙofa suka rasa abin yi, da yawa suka watse. An kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987.

Babbar asarar ta zo a 2003. A watan Mayu na shekarar kasuwar Rood Woko ta ƙone. A shekarar kuma gwamnati ta aiwatar da shirin da ake kira ZACA, na mai da tsakiyar gari wurin ofisoshi da manyan kantuna. Mutanen Zango sun yi tsayayya, amma katafila ta shigo. Aka rushe Zangouettin da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin da wani sashi na Koulouba, aka tashi mutum wajen 12,500, aka ba su filaye a Nioko da gefen Ouaga 2000, nesa da kasuwa. Shekaru da yawa bayan haka, babban ɓangare na wurin yana nan fili, ciyawa na tsirowa. Abokan da suka hau bishiya ɗaya suka zauna a unguwanni dabam dabam, ba mai iya nuna wa jikansa shagon telan ko lungun da ake bi a komo gida. Yanzu sai wajen jana'iza ko ɗaurin aure suke haɗuwa su ta da tsohuwar gardamarsu.

Faifan kuwa sun sami wata rayuwa a ƙasashen waje. Kamfanin Analog Africa na Jamus ya tattara kiɗan Haute-Volta na 1974 zuwa 1979 ya fitar a 2011, kamfanin Numero na Amurka kuma ya fitar da na Bobo-Dioulasso a 2016, tare da hotunan da Sory Sanlé ya ɗauka na samarin wancan zamani. Balaké ya shiga ƙungiyar Africando a tsufansa, ya zaga duniya da ita, ya rasu a Wagadugu a watan Agusta 2014. Georges Ouédraogo, wanda shi ma ya ɗaukaka warba, ya riga shi tun 2012. Jikokin mutanen Zango suna samun waƙoƙin a wayar hannu, su miƙa wa kaka ya saurara a ƙofar gida a Nioko. Sau da yawa tsohon yakan ce a ƙara murya, domin a kunnensa bas ɗin bai kai yadda yake fitowa ta bango ba.