Aiki a manyan otal-otal na alfarma: Wane ne uban gida?

Manyan otal-otal na alfarma irin su Hilton, Ritz-Carlton da Hyatt na cikin wuraren da matasa ke rububin neman aiki a manyan biranen duniya.

To sai dai sau da yawa kamfanin da sunansa ke rubuce a ƙofar otal ba shi ne ya mallaki ginin ba, kuma ba lallai ne shi ke biyan ma'aikaci albashi ba.

Sassan aiki

Ma'aikatan otal sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda baƙi ke gani, wato masu karɓar baƙi, masu ɗaukar kaya da masu kai abinci. Akwai kuma na bayan fage: masu gyaran ɗakuna, kukumai, masu wanki da guga da masu gyaran lantarki.

Da yake ba a rufe otal, ana aikin ne bi da bi dare da rana, har da ranakun Sallah da Kirsimeti.

Manajoji da dama kan fito ne daga makarantu na musamman, kamar ta birnin Lausanne a Switzerland, wadda aka kafa a 1893.

Kamfanonin kan ba da muhimmanci ga horo. Ritz-Carlton, alal misali, ya yi suna wajen bai wa ma'aikaci izinin kashe har dala 2,000 domin warware matsalar baƙo ba tare da jiran umarnin manaja ba.

Mai gini daban, mai suna daban

Galibin manyan kamfanonin na gudanar da otal ne a madadin masu ginin, ko kuma su ba da hayar sunansu.

Otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, mallakar wani kamfanin Najeriya ne, Transcorp Hotels, yayin da Hilton ke gudanar da shi.

A wasu otal-otal ɗin kuma akwai ɓangare na uku, wato 'yan kwangila da ake danƙa wa aikin shara da gadi. Ma'aikatansu kan sa kayan aikin otal ɗin, amma albashi da haƙƙoƙinsu kan gaza na sauran.

Yajin aiki

Wannan batu ne ya janyo yajin aikin kwana 87 a otal ɗin Park Hyatt Vendôme na birnin Paris a 2018. Masu gyaran ɗakuna, akasarinsu mata 'yan asalin Afirka, sun nemi otal ɗin ya ɗauke su kai tsaye. An cimma yarjejeniya, amma wannan buƙata ba ta biya ba.

A shekarar ce kuma ma'aikatan Marriott kusan 8,000 suka yi yajin aiki a biranen Amurka, ciki har da Boston, San Francisco da Honolulu, suna kukan cewa albashin aiki ɗaya ba ya riƙe su.

Sun samu ƙarin albashi, da kuma 'yar na'urar neman agaji ga mata masu shiga ɗakunan baƙi su kaɗai.

Annobar korona ta nuna rashin tabbas ɗin aikin: a watan Maris na 2020 Marriott ya tura dubun-dubatar ma'aikata hutun dole.

Ƙasashen Larabawa

A Dubai da Doha dai, akasarin ma'aikatan otal baƙi ne daga Indiya, Nepal, Philippines da ƙasashen Afirka kamar Kenya da Uganda. Otal kan ba su masauki, abinci da motar zuwa aiki.

Sai dai izinin zamansu na da nasaba da wanda ya ɗauke su, kuma baƙi ba su da damar kafa ƙungiyar ƙwadago.

A 2020 Qatar ta soke sharaɗin neman amincewar uban gida kafin sauya aiki, sannan a 2021 ta fara aiki da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, ban da kuɗin abinci da masauki.

Dokokin Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun hana karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci. Duk da haka ƙungiyoyin kare haƙƙin bil Adama sun sha ba da rahoton cewa da yawa kan isa can da bashin dillalai a wuyansu.

Don haka sunan da ke kan takardar yarjejeniyar aiki, ba wanda ke kan ginin ba, shi ne ke fayyace albashi, hutu da kuma wanda ma'aikaci zai kai ƙara idan an ci haƙƙinsa.