Malaman Bauci Biyu a Birnin Landan

Idan muka waiwayi tarihin fita neman ilimi ƙetare, ba za mu tsallake shekarar 1945 ba. A cikinta ne aka tura rukunin malaman makaranta daga Jihar Arewa zuwa Jami'ar Landan, domin ƙaro sanin dabarun koyarwa. Cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, hedimastan Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano, abokin aikinsa a makarantar, ya bi sahu a 1946.

Sun tarar da Ingila tana farfaɗowa daga yaƙi, ana sayen abinci da kati, jam'iyyar Leba na bisa mulki. A ganinmu, darasin titi ya fi na aji ratsa su, don sun ga talaka na sukar minista, ya kuma kwana a gidansa. Abubakar ya yaba da bin doka ba da tsoro ba, Aminu kuwa sai ya shiga cuɗanya da 'yan gurguzu.

A 1950 Abubakar ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. A shekarar aka kafa NEPU a Kano, wadda Aminu ya shugabanta daga baya.