Canjin Jirgin Ƙasa: Tarihin Jiran da Mutumin Illela Ya Sha

Gabatarwa

A wasu ƙasashen Turai, matafiyi yakan sauka daga wani jirgin ƙasa ya hau wani cikin minti biyar ko goma, ya ci gaba da tafiyarsa. A ƙasarmu kuwa, canjin jirgi yakan ci wa mutum wuni, wani lokaci har da kwana a tasha. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin gano asalin wannan bambanci, ta hanyar bin sawun matafiyin da ya taso daga Illela, garin da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar.

Yadda Abin Ya Faro a Turai

Ba a iya haɗa jirgi da jirgi sai agogo ya zama ɗaya. A da, kowane gari a Ingila da nasa lokacin, gwargwadon tsayuwar rana. A shekarar 1840 wani kamfanin reluwe ya fara tafiyar da jiragensa bisa agogon Landan, sauran suka bi sahu, har doka ta tabbatar da agogo ɗaya a 1880. Daga baya ƙasar Suwizalan ta ƙara inganta abin. A 1982 ta fito da tsarin da jirage ke tashi a minti iri ɗaya cikin kowace awa. A manyan tashoshi irin su Zurik, jirage sukan iso dab da cikar awa, fasinjoji su yi musaya, sannan su tashi jim kaɗan bayan haka. Watau gajeren canji shiri ne da hukuma ta yi tun kafin matafiyi ya yanki tikiti.

Dogon Nijeriya

Namu dogon da wata manufa aka shimfiɗa shi. Layin da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da na Ikko a Minna a 1912. Abin da Turawan mulki suka sa a gaba shi ne kwasar gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku. Saboda tsimin kuɗi sai suka yi layi guda tal, ta yadda in jirage biyu za su gamu, dole ɗaya ya raɓe a wata tasha ya jira ɗan'uwansa. Latti guda a Jebba yana iya bin layi har Kano. A Jebba ɗin ma, kafin a gama gada a 1916, a kan jirgin fito ake ɗora taragai a ƙetare Kogin Kwara da su.

Bugu da ƙari, faɗin dogon ma bai zama ɗaya ba. Babban layi ƙafa 3 ne da inci 6, amma ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos da Bukuru ƙafa 2 ne da inci 6. Don haka a Zariya ake sauke mutane da kaya kakaf a sake lodi, har aka rufe layin a 1957.

Rabon Illela

Dogo bai taɓa taka Sakkwato ba, balle Illela. Reshen da ya fito daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka falken Illela mai nufin Ikko sai ya fara cin kilomita 80 da 'yan kai zuwa Sakkwato, ya ƙara wasu fiye da 200 zuwa Gusau, a kan dabba ko a bayan babbar mota. Daga nan ya hau jirgi zuwa Zariya, ya sauka ya jira wanda ya taso daga Kano. Kowace gaɓa da nata haɗarin. In mota ta maƙale a damina, jirgin Gusau ya wuce; in na Gusau ya makara, na Kudu ya wuce. Ga mai rakiyar shanu kuwa, kowane kwana a tasha ramar dabba ce da kuɗin harawa.

Maƙwabtansu na Ƙonni ma ba su tsira ba. Layin da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai shigo Nijar ba. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kuma bai haɗu da kowane layi ba. Ba mamaki da kwalta ta yawaita, mutanen iyaka suka rungumi mota suka bar jirgi.

Kammalawa

Yanzu an shiga sabon zamani. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Ibadan a 2021, kuma a shekarar ce aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Sai dai waɗannan sababbin layuka sun fi tsohon dogo faɗi, don haka jirginsu ba ya hawa layin Gusau. Wanda ya sauka a Rigasa, sai ya nemi mota. Ashe matsalar Zariya ta da ce ta dawo cikin sabuwar riga.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Tun yanzu da ake cikin gini ya kamata wakilanmu su tambayi inda layukan za su haɗu, da tsawon jiran da fasinja zai yi a mahaɗar, da kuma ranar da dogo zai iso Sakkwato har ya dangana da iyaka. In ba a yi haka ba, jikan falken Illela zai gaji jiran kakansa. Allah Ya sa mu dace, amin.